Maganin Shugaba

Tun da ya ajiye tuƙin bas, Direba bai sami abin da zai riƙa yi wa tsaron lokaci ba sai maganin matarsa. Mutum ne da ya ƙare ƙarfinsa yana tashi da mota a kan lokaci, yana isa tasha a kan lokaci, har abokan aikinsa kan ce da shi ake saita agogon ofis. Da ya dawo gida ya zauna, wannan hali bai yi ritaya tare da shi ba.

Matar tasa kuwa ita ce babbar mai girki a wata makarantar kwana, shekara da shekaru. Masu aiki a ƙarƙashinta suna kiranta Shugaba, shi kuma ya ari sunan don tsokana, sunan ya bi ta har cikin ɗaki. Kicin ɗin makarantar dogon ɗaki ne mai 'yan tagogi can sama, murhu a jere, itace na ci tun safe har yamma. Hayaƙin da ta sha a can shi ya zauna mata a ƙirji. Da farko tari ne na safe, daga baya ya zama haki in ta hau bene, har ta kai in ta sunkuya ɗaukar bokiti sai ta dafa bango. A asibiti aka ce hanyoyin iskar huhunta sun ƙuntace, ciwo ne da ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi. Aka ba ta abin shaƙa fari, sau huɗu a rana, da wani shuɗi na ko-ta-kwana in numfashi ya sarƙe.

Direba ya karɓi aikin hannu biyu-biyu. Suna zaune a hawa na biyu na wani tsohon gini, ɗaki biyu da falo da ɗan baranda inda take shanya. A kan kabad ɗin falo ya ware wa magungunan faranti guda, ya ajiye agogo a gefe. Da lokaci ya yi, ko tana tsakiyar magana da maƙwabciya, sai ka ji shi daga ƙofa.

"Shugaba, an iso tasha."

"Ka bari in ƙarasa maganata mana."

"Maganar ba ta gudu. Buɗe baki."

Shi zai girgiza robar, shi zai cire murfin, ya tsaya a kanta yana kallon ƙirjinta har ta riƙe numfashi ta sake. Sannan ya miƙo mata ruwa ta kuskure baki. Maƙwabta sun saba, har matar tela da ke ƙasa takan ce wa mijinta ya je ya ɗauki darasi.

Duk da haka jikin bai yi yadda ake so ba. Da asuba takan farka ƙirji a ɗaure, tana busa kamar tsohuwar butar shayi, sai ta zauna a bakin gado ta jira na safe ya kama. Shuɗin nan da aka ce na lokaci-lokaci ne ya koma na kullum. Da ranar komawa asibiti ta zo, Direba ya goge takalminsa, ya zuba robobin a leda, ya riƙe mata hannu suka sauka a hankali.

Sun tarar an canja likita. Tsohon da suka saba da shi ya bar aiki, a kujerarsa wata matashiya ce mai tabarau, da ba ta wuce sa'ar Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ba. Ta gaishe su da ladabi, ta saurari ƙirjin Shugaba gaba da baya, sannan ta tambaya ko ana shan maganin yadda aka ce.

"Ba a taɓa tsallake ko ɗaya ba," in ji Direba, ya gyara zama. "Ni ke ba ta da hannuna."

Likita ta dubi Shugaba. Shugaba ta dubi ledar da ke cinyarta.

"Mama, ke nake so in ji."

"To, 'yata, gaskiya dai…" Ta ja numfashi. "Ranar da ya tafi karɓar fansho, ko gaisuwa, na rana yakan wuce ni. In na je gidan Auta ma haka. Na yamma kuma, wani lokaci in ce masa na riga na sha."

Direba ya juyo gaba ɗaya a kan kujera. "Ke! Yaushe?"

"In ina kallon shirina. Kai kuma ba ka iya jira a yi talla."

Likita ta danne dariyarta. Ta ce wannan ba abin kunya ba ne, mutane da yawa haka suke, abin da za a yi sau huɗu kullum har iya rayuwa dole wata rana ya kuɓuce. Ta ce kuma ko ba a tsallake ba, farin nan aikinsa na 'yan awoyi ne, kafin gari ya waye ya sake ta, shi ya sa asuba ke yi mata wuya. Za ta canja mata wani mai dogon aiki. Ta kira nas ta tafi da Shugaba ɗakin gwajin hura iska, a kuma koya mata yadda ake zuƙar sabon.

Da suka rage su biyu, likita ta ɗauko kwali ta nuna wa Direba. Wata 'yar roba ce mai kama da ƙwai, ana buɗe ta a sa kafso ɗaya, a danna ya huje, a zuƙe garin da ke ciki.

"Baba, wannan sau ɗaya ne a rana, da safe. Farin a ajiye shi. Shuɗin yana nan, in ta ji ƙirji ya riƙe."

"Sau ɗaya?"

"Sau ɗaya tak."

Ya buɗe baki zai yi magana, aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani ya leƙo ya ce ana neman likita a ɗakin gaggawa. Ta miƙa masa kwalin, ta ce su dawo bayan wata guda, ta fita da sauri.

Suka shiga tasi suka nufi gida. Abin da ke cin Direba ba zai iya faɗa wa kowa ba. Yana da amini, makanikin garejinsu, wanda suka yi zaman arziki tun suna samari. Da ciwonsa ya yi nisa, Direba yana tsaye a wurin likitoci suka soke magungunansa ɗaya bayan ɗaya, suka bar masa guda, suka ce a kai shi gida a kula da shi. Bai daɗe ba ya rasu. Tun daga ranar Direba ya riƙe a ransa cewa in asibiti ta rage wa mutum magani, sallamarsa ta yi cikin ladabi. Yanzu ga shi daga huɗu an dawo ɗaya, likitar kuma ta fita ba ta ko tsaya sun haɗa ido ba.

Ya dubi matarsa a gefensa cikin tasi, ta jingina kai da gilashi, tana nuna masa wani shagon labule da aka buɗe. Ya ce a ransa, in su sun gaji, shi bai gaji ba.

Washegari da safe ya sa kafso, ya danna, ta zuƙa har robar ta yi 'yar ƙara. Da rana ta yi tsaka ya sake fitowa da ita.

Shugaba ta dube shi, ta dubi robar. "Yanzu ma?"

"Roba kawai aka canja. Lokaci yana nan yadda yake."

Ta dubi fuskarsa. Sannan ta karɓa ta zuƙa.

Kwana biyun farko har murna ya yi, don ƙirjin ya yi shiru. Daga nan sai bakinta ya fara bushewa, ta sha ruwa ta sha ruwa, harshe kamar takarda. Ta ce idonta yana hazo in ta zo zura zare a allura. Abinci ya daina yi mata daɗi, bayan gida ya ɗauke. Ranar nan tana yanka albasa sai ta ajiye wuƙar ta dafe ƙirji, ta ce zuciyarta na gudu kamar an biyo ta. Direba ya ga duk wannan. Bai kawo maganin a ransa ba ko kaɗan. Abin da ya gani shi ne, ga abin da likitar ta hango ya fara. Ya ƙara tsanantawa a kan lokaci, ya daina fita ko nan da bakin titi.

Auta ce ta gano. Malamar makaranta ce, takan biyo ta gidan ranar da ba aiki. Ta shigo da ledar lemo, ta tarar da uwarta kwance a doguwar kujera, leɓe a bushe, uban yana zaune a ƙasa yana yi mata fifita da kwalin kalanda. Ta taɓa wuyan uwar ta ji jijiya na harbawa da sauri. Ta je kan kabad ta ɗauki kwalin maganin, ta zazzage shi. Na wata guda ne, ga shi saura kaɗan, sati bai cika ba.

"Baba, ina sauran?"

"Ta sha."

"Duka? Baba, ga shi a rubuce a jiki, sau ɗaya a rana!"

"Na gani. Na iya karatu."

"To me ya sa?"

Ya ci gaba da fifita, bai ɗago ba. "Ba za ki gane ba."

Auta ba ta tsaya gardama ba. Ta kira tasi, ta ɗaura wa uwarta ɗankwali, ta ce wa uban ya ɗauko kwalin da duk abin da ke kan farantin.

A asibiti aka kwantar da Shugaba a wani ɗan ɗaki mai labule, aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Likitar nan mai tabarau ta zo, ta duba takardar da injin ya fitar, ta saurari Auta har ta gama. Ta ce zuciyar na sauri amma ba ta yi lahani ba, maganin ne ya taru a jiki, za a riƙe ta zuwa gobe a ga ya sauka. Sannan ta juya ga Direba, wanda ke tsaye a jikin bango da hularsa a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujera ta ce ya zauna, ita ma ta zauna.

"Baba, me ya faru? Ban yi bayani da kyau ba ne?"

"Kin yi."

"To?"

Ya daɗe yana murza bakin hular. Da ya yi magana, muryar ba irin tasa ba ce.

"Likita, ki gaya mini gaskiya, ni ba yaro ba ne. Kun cire rai da ita ne?"

"Wa ya ce haka?"

"Ba wanda ya ce. Na taɓa gani ne. In kuka rage magani, an gama ke nan."

Ya ba ta labarin amininsa a gutsure, yana yi yana tsayawa. Auta ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi. Likita ta cire tabaraunta ta riƙe a hannu.

"Allah ya jiƙansa. Amma Baba, wannan daban ne, kuma laifina ne da na fita ban tabbatar ka fahimta ba. Ban rage wa Mama magani ba, ƙara mata na yi. Tsohon yana buɗe hanyar iska, bayan 'yan awoyi ya sake, hanyar ta koma ta tsuke, sai an ƙara. Ko an bi lokaci, numfashinta hawa da sauka yake yi. Wannan kuwa in ya kama, yana riƙe da hanyar a buɗe har gobe war haka. In ka ƙara wani a kai, ba abin da zai ƙara buɗewa, sai dai ya bi jiki ya busar da baki, ya tayar da zuciya, kamar yadda ka gani."

"Ke nan ba sallamarta kuka yi ba."

"Da na cire rai da Mama, da ban ɓata lokaci ina sa ta hura iska a inji ba. Ciwon ba zai tafi ba, wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma ina sa ran ta fi haka jin daɗin jikinta, ta yi shekaru tana yi maka faɗa."

Direba ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka fara rawa. Auta ba ta taɓa ganin ubanta yana kuka ba, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Da hannuna," yake cewa. "Da hannuna na riƙa ba ta. Na yi mata ƙarya kuma."

Daga kan gado Shugaba ta yi gyaran murya. "Wace ƙarya? Zo nan, Malam."

Ya matso.

"Kana tsammani ban sani ba? Nas ta gaya mini sau ɗaya ne. Har sau biyu ta maimaita."

"Kin sani? To me ya sa kika karɓa?"

"Na ga fuskarka a tasi. Na sake ganin ta da ka miƙo mini. Na ce in na ƙi, mutumin nan ba zai yi barci ba. Na ɗauka magani ne, in ya yi yawa ai sai dai ya yi saurin aiki."

Auta ta tafa hannu. "Inna! Wallahi ku biyun nan sai an sa muku mai gadi. Shi yana ba ki don kada ki mutu, ke kina sha don kada ya damu, ni kuma ba wanda ya tuna da ni."

"Ke yi mana shiru," in ji Shugaba. "Da aka yi auren nan kina ina?"

Har likita sai da ta yi dariya. Kafin ta fita ta sa su biyun suka maimaita mata da bakinsu: sabon, sau ɗaya da safe, ko an ji daɗi ko ba a ji ba, shuɗin, in ƙirji ya riƙe, in shuɗin ya yi yawa a rana, ko kaki ya canja launi, a zo asibiti, kada a ƙara komai a gida. Direba ya faɗa tiryan-tiryan kamar ɗalibi. Ta ce masa in wani abu ya sake ɗaure masa kai, ko tana sauri ya tare ta a ƙofa ya tambaya.

Aka sallame su washegari. Aka ce ta huta da sabon na ɗan lokaci, sannan ta fara yadda aka tsara. Bushewar bakin ta ragu, idon ya washe, zuciyar ta koma tafiyarta.

Makonnin farko sun yi wa Direba wuya. Da safe zai ba ta maganin, ta kuskure baki, shi ke nan aikin yini ya ƙare tun rana ba ta yi zafi ba. Da tsakar rana sai ƙafarsa ta kai shi gaban kabad, ya tsaya, ya gyara zaman farantin, ya dawo. Shugaba tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ran nan ta ce masa likita ta ce tafiya ma magani ce, kuma ita ba za ta iya sauka ita kaɗai ba. Ya miƙe tun ba ta rufe baki ba.

Suka fara fita da la'asar. Ranar farko iyakarsu shagon tela a ƙasa, ta zauna a benci ta huta, suka hau. Daga baya suka kai wurin mai gyaran waya a kwanar titi, daga nan har kantin magani. Shuɗin yana aljihun rigarsa, yawanci haka yake dawowa ba a taɓa shi ba. Hawa benen har yanzu sai ta tsaya a tsakiya ta dafa ƙarfe, kuma ranar da aka ƙona shara a bayan gini sai da ta kwana biyu tana tari. Amma asuba ta daina ba ta tsoro. Takan farka ta yi salla a tsaye, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Wata safiya ya wanke rigunansa ya shanya su a baranda ba tare da ya matse ba, ruwa ya ɗiga a kan barkonon da matar tela ta baza a ƙasa. Matar tela ta ɗago kai ta yi magana. Shugaba ta ba ta haƙuri, ta shigo falo ta same shi yana shan shayi, ta buɗe masa wuta. Ta fara daga rigunan, ta bi ta kan bokitin da ya bari a ƙofar banɗaki, da murfin man goge baki da ba ya rufewa, da tsohuwar tayar da ya ajiye a bayan ƙofa wai za ta yi amfani, ta gangaro har kan ƙanensa da ya ari tabarma tun bara. Direba ya ajiye kofin yana kallonta, bakinsa na ƙara faɗi.

"Dariya ma kake yi? Me na faɗa na dariya?"

"Ba komai, Shugaba. Ci gaba."

"In ci gaba da me?"

"Tun daga rigunan har tabarma ba ki tsaya kin ja numfashi ba."

Ta sa hannu a ƙirji kamar mai neman wani abu da ta ajiye. Murmushi ya so ƙwace mata, ta haɗiye shi.

"To na ji. Tashi ka je ka matse rigunan, ka sauka ka ba matar mutane haƙuri da bakinka."

Ya tashi ya nufi baranda. Ta bi bayansa da kwandon 'yan maƙalan shanya, tana nuna masa yadda ake kama riga ta wuya a murɗe ta, yana cewa ya sani, tana cewa bai sani ba.